Mota Ta Tashi Yau, Ta Ƙi Gobe: Ta Ina Ake Kama Laifin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bukoki, nan Yamai, ina da Corolla ta 2005, otomatik, mai shan esansi. Wata huɗu ke nan da na sa mata sabon batir, amma har yanzu wata rana in na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, daga nan shiru. In na sake sau uku ko huɗu sai ta tashi kamar ba ita ba. Sau biyu kuma, da rana tsaka, bayan na yi doguwar tafiya na kashe ta, inji ya yi ta juyawa amma bai kama ba, sai da ta huta wajen rabin awa. Duk ranar da na kai ta gareji lafiya lau take tashi. An ce in canja demarer da pompar mai. Me ke nan abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Abin da ka zayyana ciwo biyu ne, ko da yake mota ɗaya ke fama da su. "Ƙas" sannan shiru yana nufin inji bai juya ba kwata-kwata, laifin yana tsakanin batir da demarer, wanda ƴan Najeriya ke kira kik. Ranar da inji ya yi ta juyawa bai kama ba kuwa, demarer ya sauke nauyinsa, abin da ya ɓace shi ne wutar buji, ko mai, ko umarnin kwamfutar mota. Sabon demarer ba zai taɓa ciwo na biyu ba, sabuwar pompa kuma ba ruwanta da na farko.

Bakaniken ma ba lallai laifinsa ba ne. Motar da ta tashi garau a gabansa ba ta bar masa abin aunawa ba, shi ya sa ake komawa lalube, a canja wannan a canja wancan. Irin wannan ɓarawon ba a kama shi sai da kaya a hannu, kuma kai ne kake wurin lokacin da yake sata. Saboda haka ranar da ta sake ƙi, kada ka yi gaggawar sake murɗawa. Kunna fitilar rufin mota, ko manyan fitilu in akwai bango a gabanka, ka riƙe makullin a wurin tayarwa daƙiƙa biyu zuwa uku kana kallon hasken. In da wani a kusa, ya ɗauki bidiyon tablo da waya, har da sautin.

In hasken ya dushe ƙwarai ko ya mutu, wuta ba ta isa: batir ne, ko kawunansa, ko manyan wayoyi. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, nan ma haka ne. In haske bai ko ƙyafta ba amma ka ji ƙas guda mai nauyi daga wajen inji, umarni ya isa demarer amma babbar wutar ba ta ratsa cikinsa ba. In kuwa babu ƙas, babu dushewa, shiru kawai, umarnin ne bai taso ba, sai a koma kan makullin kontak, da rele (ƙaramin makunnin lantarki da ke cikin akwatin fis), da makunnin giya.

Bari mu fara da batir, don "sabo ne" ba hujja ba ce. Batir kan yi watanni a shago yana zubar da caji cikin zafi kafin a saye shi, kuma zafin watan Afrilu da Mayu na nan Yamai, da kan haura digiri 40 a inuwa, ya fi sanyi kashe batir: ruwan ciki yana ƙafewa, farantan suna ruɓewa. A sami mitar auna wuta, a auna da safe kafin a tayar da mota. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 kusan rabi, 12.0 kuwa saura kaɗan ya ƙare. Amma wannan awon na hutu ne, ba ya faɗin ƙarfi. Awon da ke fasa ƙwai shi ne lokacin da ake murɗa makulli: bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Bayan inji ya tashi, a ga tsakanin 13.8 da 14.5, a kunna fitilu da iskar mota a sake dubawa. In ya sauko kusa da 13 ko ƙasa, alternater ba ya cika batir, ko bel ɗinsa ya saki. In ya haura 15, dafa batir yake yi. In batir mai marafai ne, ruwa ya rufe farantan da kamar santimita ɗaya, kuma ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ban da na pompo, ban da asid.

Dabarar nan ta cire kan batir inji yana aiki don a gane ko alternater na caji, a rabu da ita. A zamanin Fijo 504 ta wuce lafiya, amma a mota mai kwamfuta wutar kan yi tsalle ta ƙone abin da ya fi batir ɗin tsada nesa ba kusa ba.

Yanzu buɗe kapo ka duba kawunan batir da idonka. Kama kowanne ka gwada murɗa shi da hannu. In ya motsa ko kaɗan, ka riga ka samu laifi guda. Sau da yawa za ka tarar da farin gari mai ratsin kore ya tsiro a gindin kan, kamar kanwa ta jiƙe ta bushe, ko ka ga an cusa ƙusa ko guntun gwangwani don kan ya kama. Irin wannan haɗin yana wadatar rediyo da fitilu, waɗanda ampa kaɗan suke ja, amma demarer na inji mai silinda huɗu yana jan ampa 100 zuwa 200 a lokaci guda. Yau ramin hanya ya girgiza shi ya zauna daidai, gobe ya goce. Ga asalin "wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi" a motoci da dama. A kwance da kile mai lamba 10, a fara cire na mas, wato mai alamar ragi, sannan na tara, mai alamar +. A wanke da ruwan zafi da aka narka cokali ɗaya na bikarbonat a kofi guda, a goge cikin zoben da jikin sandar batir da sanfefa har su yi ƙyalli, a mayar da na tara tukuna, na ragi a ƙarshe, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a sama. Giris bayan ɗauri ne, ba kafinsa ba. A duba kuma inda waya ta shiga cikin kan: in robar ta kumbura, a ɗan yanka a leƙa, jan ƙarfen kan zama kore a ciki yayin da wajen yake tsaf.

Wayar mas, wadda ta taso daga ragin batir zuwa jikin mota da jikin inji, ita ce aka fi mantawa da ita, musamman in an taɓa sauke inji ko akwatin giya. Akwai gwaji mai sauƙi: ranar da mota ta ƙi, ɗauki igiya ɗaya daga wayoyin jona batir, ka maƙala baki ɗaya a ragin batir, ɗayan a wani tsiraren ƙarfe na jikin inji. In ta tashi nan take, mas ne. Mai mita kuma yana iya auna asarar wuta: tsinke ɗaya a kan sandar batir ta tara, ainihin darmar ba zoben ba, ɗayan a kan babban notin demarer, wani ya murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta salwanta a hanya, kada ta wuce bolt 0.5. A yi haka daga sandar ragi zuwa jikin demarer, kada ta wuce 0.3. Auna waya da om mota tana kashe ba ya nuna komai a nan, domin silin waya guda da ya rage zai nuna lafiya lau, alhali ba zai ɗauki ampa 150 ba.

In duk wannan ya fita tsaf, to zatona ya fi ƙarfi a kan abu ɗaya, kuma sananne ne a demarer ɗin Denso da ke cikin yawancin Toyota. A cikin solenoyid ɗinsa, wato makunnin maganaɗisu da ke jikin demarer, akwai ƴan faranti biyu na jan ƙarfe, kowanne bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, da wani sanda mai faifan jan ƙarfe a kai. In ka murɗa makulli, maganaɗisu ya fizgo sandan, ya tura haƙorin demarer cikin na inji, faifan kuma ya daki farantan biyu ya haɗa babbar wuta. Wannan dukan shi ne ƙas ɗin da kake ji. Kowane tayarwa yana yin ɗan tartsatsi, shekara da shekaru tartsatsin yana cin ƙarfen, kuma ba ya cin su daidai, na ɓangaren batir ya fi saurin lalacewa. In aka buɗe za ka ga ɗaya ya yi rami kamar an ƙwaƙule shi da cokali, faifan ya yi baƙi da ƙuraje. Faifan yakan ɗan juya a kowane duka, shi ya sa a karo na uku ko na huɗu yake dacewa da wuri mai kyau, mota ta tashi.

Tabbatar da shi ba wuya. Mai wutar mota ya jona fitilar gwaji ko mita a ƙaramar wayar da ke shiga solenoyid. In wuta ta iso sama da bolt 10 lokacin da aka murɗa, ga ƙas, ga batir da wayoyi lafiya, amma demarer bai juya ba, laifin yana cikinsa. Gyaran kuma ba sai an sayi demarer gaba ɗaya ba: a cire ragin batir, a sauke demarer, a kwance ƴan kusoshi uku na murfin solenoyid, a canja farantan biyu da sandan. Abin kula shi ne a danne farantan su kwanta shimfiɗe yayin ɗaure notinsu, in ɗaya ya karkace, gefensa kaɗai zai riƙa taɓawa, ciwon ya dawo bayan ƴan watanni. Tunda an riga an sauke, a duba gawayin ciki, wanda makanikai ke kira sharbon. In ya gajarce, shi ma yana kawo tashi da ƙi, kuma shi ne dalilin da ya sa ɗan ƙwanƙwasa jikin demarer da ƙotar guduma kan sa mota ta tashi. Ƙwanƙwasa fa na ce, ba duka ba, wasu suna da maganaɗisu a ciki da ke fashewa. A ganina, demarer ɗin asali da aka canja wa faranti ya fi wanda za a ɗauko na hannu a Katako, tunda shi ma farantansa sun sha shekarunsu, ba wanda ya san nawa.

In ya zama shiru ne babu ko ƙas, taka birki ka mayar da giya daga P zuwa N ka gwada. In ta tashi a N, makunnin da ke jikin akwatin giya ya goce ko ya yi datti. A cikin akwatin fis, rele mai rubutun ST ana iya musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya don gwaji. Ka kuma tambayi kanka ko an taɓa sa wa motar ƙararrawar ɓarayi, ko na'urar bin sawu, ko ɓoyayyen makunnin yanke wuta. Yawanci yanka waya ake yi a ƙarƙashin sitiyari a murɗe da hannu a naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin, haɗin ya saki. Wayar da aka yanka ana lanƙaya ta da darma ne.

To, sai ciwo na biyu, wanda ya fi wuyar kamawa. Inji yana juyawa da ƙarfinsa, yana da zafi, ba ya kamawa, in ya huce rabin awa ya tashi. Abu na farko da za ka kalla ba ya buƙatar kayan aiki: ƴar fitilar tsaro da ke ƙyaftawa a tablo. In motarka tana da makulli mai guntun lantarki a cikin kansa, fitilar tana mutuwa da zarar ka sa makullin. In ta ci gaba da ƙyaftawa, mota ba ta gane makullin ba, za ta juya amma kwamfuta ba za ta ba da mai da wuta ba. Raba shi da sauran makullan da ke rataye tare, ka gwada na ajiya.

Wanda ya fi dacewa da labarinka shi ne kapter ɗin karanshaf, ɗan na'urar da ke kusa da babban fulin inji yana ƙirga juyinsa yana faɗa wa kwamfuta. A cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗe sau dubbai. In ta tsufa ta tsage, zafi yana buɗe tsagar, sanyi ya mayar da ita. Abin lura, lokacin da ya fi zafi ba a kan hanya ba ne, mintuna goma zuwa ashirin ne bayan an kashe inji, domin iska ta daina kaɗawa, ruwa ya daina zagaye, zafin ya taru a ƙarƙashin kapo. Shi ya sa wanda ya taso daga Doso ya tsaya sallar azahar a bakin gari yake dawowa ya tarar mota ta ƙi. Kwamfuta kuwa muddin ba ta ga inji yana juyawa ba, ba ta kunna buji, ba ta buɗe injakter. A irin injin Corolla ɗinka, kapter ɗin yana nuna tsakanin om 1,600 da 2,700 a sanyi, ya ɗan ƙaru da zafi. A cire shi a jona mita, a busa masa iska mai zafi da na'urar busar da gashi: in adadin ya yanke gaba ɗaya sannan ya dawo da ya huce, an kama shi. A duba soket ɗinsa ma, man inji da ke ɗiga da ƙurar hunturu kan cika shi, ɓeraye kuma suna son wayoyin wurin.

Na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake kira waliz a garejin nan, tana taƙaita aikin. Ramin jona ta mai baki 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0335 ta kapter ɗin karanshaf ce, P0340 ta na kamshaf. Ko fitilar inji ba ta kama ba a nemi a duba, domin laifin da ya zo ya wuce yakan bar sawu. Sai dai a kula da jerin aiki: a karanta kwamfuta kafin a cire kan batir don wanki, saboda cire shi yana goge abin da ta adana. In kuwa aka yi sa'a mota ta ƙi waliz yana jone, a kalli adadin juyin inji yayin murɗawa. Ya kamata ya nuna 150 zuwa 300. In sifili ne inji kuma yana juyawa, magana ta ƙare. A duba har da zafin ruwa da kwamfuta ke gani: in inji na tafasa ita tana ganin digiri 20, kapter ɗin zafi yana mata ƙarya, za ta zuba mai fiye da kima har buji su jiƙe. Alamarsa warin esansi a bayan mota. A irin wannan hali, taka totur har ƙasa ka riƙe shi kana murɗawa, iska mai yawa za ta shiga ta share man.

Pompar mai ba ta fita daga zargi ba, amma sai an auna ta. Shawarar da aka saba bayarwa ta a buɗe kontak a saurari gurnaninta na daƙiƙa biyu tana aiki a motoci da yawa, sai dai Toyota da dama na wancan zamani ba sa kunna pompa sai inji ya fara juyawa, don haka shiru a kontak ba shaida ba ne. A ɗaga kujerar baya, wani ya sa kunne a kan murfin tankin yayin da ake murɗawa. Awo na gaskiya shi ne agogon matsi: bar 3 zuwa 3.5, kuma bayan an kashe inji da minti biyar kada ya faɗi ƙasa da 1.5. In yana zubewa da sauri, man da ke cikin bututu mai zafi yana zama tururi, inji ya daɗe yana juyawa kafin ya kama. Rele ɗin EFI, wato na tsarin fesa mai, da na pompa su ma suna gajiya da zafi, a gwada musanya su kafin a buɗe tanki. Pompar tana nutse ne cikin mai, shi ke sanyaya ta, don haka yawo kullum da lita biyu ko uku a tanki cikin bazara yana rage mata kwana. In kana shan man kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa ɗin nan, a zuƙo kaɗan daga tanki a zuba a farar kwalba a ajiye minti goma. Ruwa ya fi mai nauyi, zai kwanta a ƙasa da layinsa a fili, laka ma haka. In an gan su, tanki ne za a wanke a canja ragar bakin pompa, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sawun tsohuwar.

Masu Hilux da Hiace na gazuwal da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa, duk abin da aka faɗa kan batir da mas da faranti ya shafe ku, har ya fi, tunda demarer ɗinku ya fi jan wuta. Amma in inji yana juyawa bai kama ba da safe, fara danna ƴar pompar hannu da ke kan filtar gazuwal. In ta yi laushi sai da aka danna sau da yawa ta yi tauri, sannan mota ta tashi, iska ce ke shiga ta wani tiyo ko robar filta, man ya koma tanki cikin dare. In kuwa sai a sanyin Disamba da Janairu take yi, da farin hayaƙi, a auna bujin ɗumama inji ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a kai ga gyara, Malam, kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a murɗa ɗaya, ka ba demarer rabin minti zuwa minti guda ya huce tsakanin gwaji. Otomatik kuma ba ta tashi da turi, kada yara su wahala a banza. Ka ajiye wayoyin jona batir masu kauri da kile mai lamba 10 a bayan mota, kuma in aka canja farantan solenoyid, ka ce a ba ka tsofaffin a hannu ka ga ramin da kanka.